Masaukin Baffa Balarabe

Akwai wani ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Malali, nan cikin garin Kaduna, ana kiransa Sharhabil. Aikinsa a ofis bai wuce ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan ba, amma Allah ya haɗa shi da ogan da ba ya tafiya taron bita sai da shi. Yau Abuja, gobe Legas, jibi Kalaba. Ta haka ya fara kwana a manyan otal-otal, ta haka kuma kansa ya fara kumbura.

Da ya ga ya kwana a otal goma sha wani abu, sai ya buɗe shafi a intanet, ya sa masa suna Masaukin Manya. A nan yake koya wa jama'a inda ya kamata mutum mai aji ya sauka in ya yi tafiya. Shi a wurinsa manyan otal masu hawa ashirin ma sun zama na gama-gari. Abin yayi yanzu, in ji shi, shi ne ƙananan otal masu ɗakuna kaɗan, kowane ɗaki da irin adonsa, inda ake sanin sunan baƙo tun daga bakin ƙofa.

Ni dai ban taɓa ganin namiji da gemunsa yana shinshina tawul yana ɗaukar kansa a bidiyo ba sai Sharhabil. Ya danna matashin kai da yatsa, ya lumshe ido, ya ce wannan tauraro huɗu ne da rabi. Ya buɗe famfo, ya saurari ƙarar ruwan kamar likita yana sauraron ƙirji.

Da abin ya tsaya a otal, da da sauƙi. Sai ciwon ya bi shi har gidajen mutane. In abokin aiki ya gayyace shi suna ko walima, zai shiga falo yana bin bango da kallo, ya taɓe baki, a hanyar dawowa ya ce wa na kusa da shi, "Gidan nan ko tauraro ɗaya bai kai ba." Mutane suna ji, suna dariyar yaƙe, suna rage gayyatarsa, shi kuma yana ɗauka kwarjininsa ne ya yi musu yawa.

Gidansa na Malali ɗakuna uku ne, shi kaɗai a ciki. Ya shimfiɗa farin kafet tun daga ƙofa. Ɗaki ɗaya na barci, ɗaya na takalma da akwatunan tafiya, ɗaya kuma ya jera fitilu a ciki don ɗaukar bidiyo. Ko ƙuda ya shiga gidan nan sai ya ji ya takura.

To amma duk iyayinsa, akwai abu ɗaya da yake so tsakani da Allah, ita ce Husaina. Ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a wani asibiti, mai natsuwa, ba ta da yawan magana. Shekara biyu yana zarya a ƙofar gidansu a Badarawa kafin ta yarda ta kai maganarsa ciki. Mahaifinta, Malam Sanda, malami ne da ke karantar da littattafai a zaurensa. Manyan ma'aikata da 'yan kasuwa sukan cire takalmi su zauna a tabarmarsa bayan Asuba da bayan La'asar. Da maganar ta isa gare shi, ya yi bincikensa, bai ji an ce yaron yana shaye-shaye ko wasa da salla ba, sai ya ce a gaya masa ya turo magabatansa ranar Asabar bayan La'asar.

Magabaci kuwa Sharhabil ba shi da wani sai Baffa Balarabe, ƙanin mahaifinsa, manomin rake a Makarfi. Tun Sharhabil yana da shekara bakwai mahaifinsa ya rasu, Baffa ya ɗauke shi ya haɗa da nasa 'ya'yan, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. Shi ya riƙa goya shi a keke zuwa makaranta in damina ta cika hanya da laka. Tun da Sharhabil ya kama gidan Malali, shekara huɗu ke nan, Baffa bai taɓa taka ƙofarsa ba, don ba a taɓa cewa ya zo ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Sharhabil ya je tashar Kawo ɗaukar Baffa. Ya same shi tsaye a gindin wata rumfa, da babbar rigarsa ta shadda mai shuɗi wadda guga ya sa ta ƙyalli, ga ƙullin mazarƙwaila a buhu, ga zabbi biyu an ɗaure musu ƙafa.

"Sharhabilu! Kai ne ka yi wannan ƙiba haka? Masha Allah!"

Sharhabil ya ɗan rusuna, rabin rusunawa, yana waige-waige kada wani mai bin shafinsa ya gan shi kusa da zabbi. Ya buɗe but ya tura kayan da gefen hannu, ya fesa turare a tafinsa kafin ya kama sitiyari.

Suna hanya Baffa sai murna yake. "Yau dai Allah ya yi zan ga gidan nan naka. Innarku ta ce in ƙare masa kallo in zo in ba ta labari, har bayan gida."

"Baffa, ai na yi maka tanadin da ya fi gida," in ji Sharhabil. "Inda zan kai ka, manyan baƙi daga ƙasashen waje ne ke sauka. Ko a mafarki ba ka taɓa kwana a irinsa ba."

Baffa ya juyo ya dube shi. "Wato ba gidanka za mu ba?"

"Gida ai gida ne, Baffa. Wannan karramawa ce."

Karramawa! Ku ji fa. Gaskiyar maganar ita ce tun daren Laraba yake tunanin farin kafet ɗinsa da jan goron Baffa, da faso, da tarin asuba. Ana cikin haka wani sabon ƙaramin otal a Unguwar Rimi ya ba shi kwana biyu kyauta don ya tallata su a shafinsa. Sai ya ga ai ta zo gidan sauƙi: ya ajiye tsoho a can, kafet ya tsira, shafi ya samu hotuna.

Otal ɗin kam ya haɗu, ba za a ƙi faɗa ba. Ɗakuna goma sha biyu ne kacal, kowanne da sunan itace maimakon lamba. Ga ruwa yana gangarowa a jikin bango, ga sanyi, ga wani ƙamshi mai kwantar da rai. An yi wa zauren karɓar baƙi ado da kayan gargajiya: faifai, ludayi, ƙwarya, har da tsohuwar galma, kowanne an rataye shi an haska masa fitila.

Baffa ya tsaya yana kallon bangon, baki buɗe. "Ikon Allah. Wa ya rataye galma a nan, ga damina ta kusa?"

"Baffa, don Allah rage murya," Sharhabil ya faɗa ta cikin haƙora. Yarinyar da ke kan tebur ta yi murmushi, ya mayar mata da murmushin da ke cewa, yi haƙuri da mutanenmu.

Ta miƙo kati, ta rubuta ɗakin da sunan Masaukin Manya, tunda da sunan shafin aka ba da shi. Aka kai su Ɗakin Giginya. Suna shiga Sharhabil ya zaro waya ya fara aiki. Ya ɗauki gado, ya ɗauki labule, ya ɗauki kwamin wanka.

"Baffa, ɗan matsa, kana shiga hoton. A'a, can bayan ƙofa. Jakar nan ma ɗauke ta daga kan kujera."

Tsoho ya rungumi jakarsa ya raɓe a bayan ƙofa, yana jira a gama. Da aka gama ya tambaya a hankali, "Ina gabas take a nan? Kuma ban ga buta ba."

Sharhabil ya nuna wajen taga da leɓe. "Can. Ruwa kuma ga famfo nan, ka sa hannu a ƙasa zai zubo da kansa. In kana jin yunwa ka ɗaga wayar can ka danna sifili. Kada ka taɓa abin da ba ka gane ba. Kuma kada ka fita, ka yi sallarka a ɗaki."

"Ina jin kiran salla da kunnena in yi a ɗaki kamar mara lafiya?"

"Baffa, nan ba Makarfi ba ce."

Ya cusa katin a wani rami a jikin bango don wuta ta zauna, bai ko yi bayanin cewa katin nan shi ne makullin ɗakin ba. Minti ashirin bai cika ba ya fice, don an gayyace shi ɗanɗana abinci a wani sabon wuri da yamma. Zabbin kuwa ya ba mai wankin mota, ya ce ya san yadda zai yi da su.

Yana hanya Husaina ta kira.

"Malam ya ce a tambaye ka, Baffa ya iso lafiya?"

"Lafiya lau."

"Alhamdu lillahi. Inna Harira ta ce a gidan wa ya sauka, a wurinka ne ko akwai wasu dangi? Za ta aika masa da abin kari da safe, ka san ba a barin baƙo ya ci na masu masauki kaɗai."

Sharhabil ya yi dariya, ya faɗa mata sunan otal ɗin yana jan kowane harafi. "Ki ce wa Inna ta huta. Wurin da na sauke shi, abincin safe kala goma sha biyu ne."



"Otal?" ta ce. "Gidanka fa?"

"Husaina, ke ma kin fara irin tunanin nan? Zamani ya wuce a tara baƙi a falo ana shimfiɗa tabarma. Sai na fara fita da ke za ki gane."

"To," ta ce. "Zan gaya musu."

Wannan "to" ɗin, da mai hankali ne, da ya juya mota a take. Shi kuwa sai ya ƙara sautin rediyo. Bayan Isha ya kira wayar Baffa sau ɗaya, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya ce a ransa gado ne ya yi wa tsoho daɗi, ya kwanta abinsa.

Washegari wajen ƙarfe goma na safe ya shirya cikin farar shadda, ya nufi otal, yana tsara yadda zai ɗauki hoton teburin karin kumallo kafin a kwashe. Yana karyo kwana ya hango Keke Napep a bakin ƙofar otal ɗin. Ya yi tsaki, ya ce wa kansa wuri mai aji bai kamata ya bar irin waɗannan su tsaya a gabansa ba, zai rubuta hakan.

Maigadi ya buɗe ƙofa. Sharhabil ya sa kan mota, ya dubi rumfar da ke jikin ɗakin maigadin, sai ƙafarsa ta taka birki da kanta.

Baffa Balarabe ne zaune a kan wata tsohuwar tabarma, shaddarsa duk ta yamutse, idanunsa sun yi ja. A gabansa kula ce a buɗe, waina da miyar taushe, yana ci da saurin wanda ya kwana bai ci ba. A kan benci kusa da shi, wani dattijo ne mai farin rawani yana zuba masa kunun gyaɗa a kofi da hannunsa. Malam Sanda ne.

Sharhabil ya fito daga mota. Ya durƙusa, wannan karon har ƙasa. "Malam, barka da asuba... barka da hantsi. Baffa, me kake yi a nan?"

Maigadin ne ya amsa, wani dattijo Basakkwace mai suna Yusuf. "Ranka shi daɗe, ai tun jiya Magariba shina nan wurina. Ya hito salla, ƙohwa ta kulle, kati na ciki, waya na ciki. Da ya dawo masallaci masu tsaron ciki sunka tare shi, sun ɗauka roƙo ya zo. Na kai shi wurin yarinyar tebur, ashe an canza, wata ce daban. Ta duba na'ura ta ce babu suna nai. Ya ce ɗanshi Sharhabilu ya kawo shi, ta ce shi ma babu. Aka ce wane ɗaki, ya ce shi dai an ambaci itace, ya manta ko giginya ce ko goruba. Ta ce sai manaja ya zo da sahe. Na ce to shi zamna nan, ga tabarma, ga bargona."

"Abinci fa?" Sharhabil ya tambaya, muryarsa can ƙasa.

"Gari na jiƙa muna da ƙuli. Shi ad da ni."

Yadda Malam Sanda ya zo kuwa, abin bai da wuya. Tun da Husaina ta ce a otal aka sauke baƙo hankalinsa bai kwanta ba. Bayan ya tashi karatun safe ya ce ba aike za a yi ba, shi da kansa zai je ya yi wa dattijon ban gajiya. Ya ɗauki kular da matarsa Inna Harira ta shirya ya hau Keke. A bakin ƙofa aka tare shi, aka ce ba a shiga da abincin waje. Ya ce to a yi masa sallama da Malam Balarabe na Makarfi. Sai mutumin da ke zaune a tabarmar maigadi ya ɗago kai ya ce, "Ni ne."

A nan fa Allah ya ba Sharhabil dama ta ƙarshe. Da ya faɗi a gaban Baffansa ya ce na yi kuskure, ka yafe mini, tashi mu tafi gida, wataƙila da labarin ya canza. Amma mai girman kai ko a rami ya faɗa sai ya nemi wanda zai ɗora wa laifi.

Ya miƙe ya fara zazzaga wa ma'aikatan otal masifa da Turanci. Sun san ko shi wane ne? Zai rubuta su, zai zubar musu da taurari, ba wanda zai sake taka wurin. Manaja ya fito yana ba da haƙuri, yana cewa da an rubuta sunan baƙon da hakan ba ta faru ba. Jin laifin yana dawowa kansa, sai Sharhabil ya juya kan tsohon.

"Kai ma Baffa, ba na ce kada ka fita ba? Sau nawa na faɗa? Abu kaɗan sai ka nuna ƙauyanci! Ga shi ka ja mini abin kunya a gaban mutane!"

Har direban Keke ya sauke kansa. Baffa ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya goge yatsunsa a gefen kula, ya juya wajen Malam Sanda yana ƙoƙarin murmushi.

"Malam, laifina ne. Yaron ya yi ƙoƙari, ya kama mini wuri mai kyau. Ni ne ban iya ba. Kada wannan ya shafi abin da ya kawo ni."

Wallahi wannan maganar ta fi komai ciwo a labarin nan. Mutum ya kwana a ƙasa da yunwa, an zage shi a bainar jama'a, amma abin da ke ransa kada yaron da ya raina ya rasa mata.

Malam Sanda bai ɗaga murya ba. Ya dubi Sharhabil kamar yadda yake duban ɗalibin da ya zo karatu bai yi bita ba.

"Sharhabil, gidan da kake ciki ɗaki nawa ne?"

"Uku ne, Malam."

"Ku nawa ne a ciki?"

"Ni kaɗai ne."

Malam ya gyaɗa kai. Ya roƙi manaja a buɗe ɗakin a ɗauko jakar baƙo da wayarsa. Ya kama hannun maigadi Yusuf da hannu biyu ya yi masa addu'a mai tsawo, har dattijon ya fara share ido da hular sanyinsa. Sannan ya ɗauki jakar Baffa da kansa.

"Malam Balarabe, tashi mu je gida. Ɗakina yana nan, ka yi wanka ka huta."

Sharhabil ya yi wuf ya buɗe ƙofar motarsa. "Malam, ga mota, bari in kai ku. Ko mu wuce Malali, yanzu zan gyara masa ɗaki."

"Bar shi," in ji Malam. "Mun riga mun yi ciniki da mai Keke."

Haka ya tsaya da farar shaddarsa, ƙofar mota a buɗe, yana kallon dattawa biyu sun matsu a bayan Keke, kula a kan cinyar ɗaya, jaka a kan cinyar ɗaya.

Ranar nan Sharhabil ya ga tsawon yini. Ya koma gida ya kwashe takalma daga ɗaki, ya janyo katifa, ya shimfiɗa sabon zanen gado, duk a banza. Ya kira Husaina ya fi sau goma ba ta ɗauka ba. La'asar ta yi, lokacin da ya kamata a ce ana can ana neman masa aure, shi kuwa yana zaune a mota a bakin layin su Husaina, ya kasa shiga ya kasa tafiya.

Wajen ƙarfe biyar wayarsa ta yi ƙara. Ita ce.

"Husaina, don Allah ki saurare ni. Kuskuren otal ne, wallahi sai na..."

"Baffa ya yi magana," ta katse shi. "Ya nema maka, har da hawayensa. Ya ce kai maraya ne, a duba. Malam ya ce shi ba zai ce e ba, ba zai ce a'a ba, ni zan zauna da kai, don haka ni za a tambaya. Aka kira ni."

"Me kika ce?"

"Kafin in gaya maka, ina da tambaya. Ka san in Allah ya ba ni haihuwa, ko dai in koma gida wanka, ko a turo mini tsohuwa ta zauna da ni kwana arba'in. Gwaggona ce za ta zo. Tana cin goro, tana turara ɗaki da garwashi, tana dafa ruwan ganye a tukunya. Wane otal za ka kai ta?"

"Haba Husaina, ai wannan daban ne."

"Ba daban ba ne. Wanda ya goya ka a keke ma bai samu kwana ɗaya a gidanka ba, balle gwaggon wata. Ni a zaure na tashi, Sharhabil. Gidanmu ba a taɓa kwana ba baƙo. Ba zan iya zama inda zan riƙa jin kunyar mutanena ba, kuma ba zan iya kallon mutumin da ya ce wa ubansa baƙauye a gaban ubana in kira shi mijina ba. Na ce musu na fasa."

Wallahi yana sonta, kuma ya san irin Husaina ba ta magana biyu.

"Allah ya haɗa kowa da rabonsa," ta ce, ta kashe wayar.

Baffa ya kwana biyu a gidan Malam Sanda. Ranar Litinin da safe Malam ya raka shi tashar Kawo. Sharhabil ya samu labari ya garzaya, ya tarar har an cika mota. Ya durƙusa a jikin taga, mutane suna kallo, wannan karon bai damu da wanda zai gan shi ba.

"Baffa, ka yafe mini. Ka sauko mu je gida, ko kwana ɗaya ne."

Baffa ya miƙo hannu ta taga ya dafa kansa. "Na yafe maka duniya da lahira, Sharhabilu. Allah ya yi maka albarka. Koma, kada ka makara wurin aiki."

Mota ta tashi.

Bayan wata takwas, wani direban Makarfi da ya san su ya haɗu da Sharhabil a gidan mai. Suka gaisa, direban ya ce, "Yaya jikin Baffa? Ai ni na mayar da shi gida shekaranjiya. Aikin idon ya yi kyau, har yana gane mutane daga nesa."

"Wane aikin ido?"

Direban ya dube shi da mamaki. "Au, ba ka sani ba? Ai kwanansa tara a garin nan. A Badarawa ya sauka, gidan wani malami. 'Yar malamin ce ma ta yi ta kai shi asibiti tana dawo da shi."

Sharhabil ya tsaya riƙe da makullin mota. Daga Badarawa zuwa ƙofar gidansa ko tafiyar minti goma ba ta kai ba. Mai zuba mai ya yi masa magana sau uku kafin ya ji.

Darasi: Sanin wurare masu kyau ba laifi ba ne, kuma in Allah ya hore maka ka yi tafiya ka sauka inda ranka yake so. Amma wanda ya raine ka ba gado mai laushi yake nema a wurinka ba, so yake ka buɗe masa ƙofarka ka zauna kusa da shi. Duk gidan da ya fi ƙarfin iyayenka da danginka, wata rana za ka zauna a cikinsa kai kaɗai, su kuma su samu wanda zai karɓe su da hannu biyu. In labarin nan ya taɓa ka, tura shi ga 'yan'uwa da abokai, musamman waɗanda Allah ya ɗaga suka fara jin kunyar inda suka fito.